Ladabinmu na Damagaram a bakin pompo

Mu mutanen Damagaram akwai mu da alfahari da ladabi, wannan kam ba mai ƙwace mana shi. Yaro ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa, ina kwana Baba, ina gajiya, ya zafi, ya iyali, har sai dattijo ya gaji da amsawa. Wanda yake son ganin abin sosai ya je ƙofar fadar sarki a tsohuwar unguwar Birni ranar hawan salla. Amma ni dai yanzu in zan auna mutum ba na kallon durƙusonsa, ina jiran watan Afrilu da Mayu ne in gan shi a layin ruwa.

Kowa ya san garin nan bisa dutse yake zaune, sai ka haƙa rijiya ka sha wahala ka tarar da falalen dutse a ƙasa. Matsalar ta girmi kakanninmu. Faransawa sun kama garin a 1899, nan ne ma babban birnin Nijar kafin su ɗauke shi su kai Yamai a 1926, kuma rashin ruwa na cikin dalilan da ake faɗa. Abin da muke sha daga wajen gari ake turo shi, Gogo da Machaya, Arunguza, daga baya aka ƙara Ganaram, to amma gari kullum faɗi yake, ga jami'a ta tara ɗalibai, ga matatar mai da aka buɗe a 2011 ta jawo mutane, ga unguwanni sababbi suna ta tsirowa inda da gonaki ne. Gyaran wannan aikin hukuma ne kuma muna nan muna jiran su. Abin da ya dame ni a nan shi ne wanda yake hannunmu.

A unguwarmu in zafi ya kai zafi, pompo yakan yi kwanaki ko ɗigo babu, in zai zo kuma sai tsakar dare, wajen ƙarfe biyu ko uku. Sai ka ji pompon ya fara huci kamar mai tari, kafin ka ce me lungu ya tashi. Bidoji masu ruwan ɗorawa an jera su tun magariba, wasu an zura musu igiya ɗaya a hannu don kar a raba su, wasu an ɗora dutse a kai alamar da mai shi. To wa ake tasowa daga barci a turo? Ƴan mata ne, ƴar shekara goma, sha biyu, ido duk barci, da zane a wuya da ƴar tocila. Yayanta namiji mai gemu yana ɗaki yana danna waya, uban kuma ko juyi bai yi ba. Ta tsaya har kiran asalatu, ta yi ta jigila, gari ya waye ta tafi lakkol a makare ta sha faɗa wajen mushe, malaminsu, ta kifa kai bisa tebur. Ƙarshen shekara in ta faɗi jarabawa uban nan shi ne na farko da zai ce dama ba ta da ƙwaƙwalwa, a yi mata aure. Haba jama'a. Kuma tsakar dare ne fa, lungu babu fitila, kowa ya san abin da ake gudu ga ƴa mace, ba sai na faɗa ba.

Sannan ga masu ƙarfi. Mutum ya zo bisa moto da bido huɗu a ɗaure, ya wuce tsohuwar da take zaune bisa nata tun sha biyu, ya cusa nasa ƙarƙashin pompo, in ta yi magana ya ce Inna ki yi haƙuri sauri nake. Inna ɗin ma da ladabi ya faɗe ta, har da ɗan sunkuyawa. Shi a ganinsa ya girmama ta ke nan.

Ƴan garuwa kuwa Allah ne kaɗai ya san abin da ke tsakaninmu da su. Yawancinsu ƴan cin rani ne daga ƙauyuka, an gama girbi sun shigo gari, mutum ya turo kura cike da bido cikin yashi da duwatsun garin nan, rana ta haura digiri 40, riga ta manne da baya. Shekara da shekaru yana kawo maka ruwa ba ka san sunansa ba, kai garuwa, zo nan. Ya juye maka randa, matarka ta leƙo ta ce maigidan ya fita ka dawo gobe, goben ta zama jibi, kuɗin da bai fi na katin waya ba. Shi da wannan ƴan dalolin zai ci tuwon dare ya aika ma yara saura. Ban ce su waliyyai ba ne, akwai wanda da ya ga an matsu zai ninka kuɗin bido sau uku, akwai ma wanda zai ɗebo na tabki ya bari ya kwanta ya rantse maka na pompo ne, yara su sha su kama gudawa a kwashe su sai likita. Wannan cin amana ne ƙarara. Sai dai ban taɓa ganin laifin wani ya halatta ma wani danne hakkin mai gumi ba.

Akwai wata Hajiya a bayan layinmu, Allah ya saka mata, ta dace gidanta an samu ruwa da aka haƙa foraj, ta sa faranti na hasken rana da shato, wato tankin ruwa, a sama. Ta sa aka huda katanga aka fito da kan pompo ɗaya waje, safe da yamma ake buɗewa, kuma ta kafa doka, tsofaffi da masu goyo su fara, kowane gida bido biyu, garuwa ya jira sai an gama. Ita da kanta take zama bisa kujerar roba a zaure tana kallo, ko ɗan wane ne kai in ka tsallake layi za ta ce ɗauke bidonka ɗana, kuma sai ka ɗauke. Malamai suna yawan ba mu labarin Sayyidina Usman da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar ma jama'a, kowa ya ji ya ce Allahu akbar. Masu foraj a garin nan suna da yawa yanzu. Wanda ya sayar ban ga laifinsa ba, haƙa da faranti kuɗi ne masu yawa. Wanda ba na iya ganewa shi ne mai wanke mota da tiyo a ƙofar gida, ruwa na malala har bakin gudro, yara na wucewa ta gabansa da bido wayam.

Su kuma samarin fada, wato majalisar hira ta bakin titi, da muke zagi kullum, ƴan zaman banza, ƴan shayi, wasu ma da an ce matasan Zinder sai su tuna ƴan pale, gungun samari masu ta da hankali, da faɗace-faɗacensu, a lungunmu su ne suke tsare layi da dare. Dama ba barci suke ba, butar shayi na bisa gawayi, to su suke buga ƙofofi in ruwa ya zo, su suke hana rigima, in yarinya ta cika bido ɗayansu ya saɓa ya raka ta har ƙofar gida. Babu wanda ya sa su, babu mai ba su ko dala, kuma da safe in sun gaida wasu dattawan da ƙyar ake amsa musu.

In damina ta sauka kuma labari ya juye, ruwan da muke kuka babu shi ne zai cika tabkuna, yara su tafi wanka, kusan kowace shekara sai an ji an ciro wani. Babba zai wuce ya ga ƴan yara a bakin tabki ya kau da kai, don in ya kore su da tsumagiya uwar wani za ta biyo shi har gida ta ce wa ya aike ka. An ce ɗa na kowa ne, amma yanzu kowa tsoron ɗan wani yake. Magudanar ruwa kuma mu muke cika ta da leda da shara duk rani, in ta toshe ruwa ya faɗa gidan ƙasa na maƙwabci mu ce ƙaddara. Daminar 2024 ba ta da daɗin tunawa, har tsohon masallacin Birni da ya haura shekara 150 sai da ya zube.

Bana kafin azumi mai unguwa ya tara mu bayan la'asar a ƙofar masallaci, aka yi magana mai tsawo har da ɗaga murya. An tsaida cewa yarinya ba ta ƙara fita ɗiban ruwa bayan isha'i sai da babba, gidan da yake da saurayi shi zai fito, kuma kowane magidanci ya riƙa ba da dala ashirin a sati a saya ma samarin sukari da ganyen shayi da batir na tocila. Satin farko kusan kowa ya bayar. Yanzu mai karɓar kuɗin ya ce min gidajen da suka fi ƙorafi ranar taron su ne in ya yi sallama ake ce masa maigidan ya fita.