A sa soso a ƙarƙashin akwatin kifi ko a bari?

Duk wanda ya tambaye ni ko ya shimfiɗa soso kafin ya ɗora akwatin kifinsa a kan teburi, abin da nake fara ce masa shi ne ya ɗaga akwatin tun babu ruwa a ciki ya duba gindinsa. Yadda aka ƙera gindin shi ne zai ba shi amsa.

Yawancinmu akwatin da muke da shi masu yankan gilashi ne suka haɗa mana a cikin gari: falle biyar na gilashi, an manne su da silikon, babu wani firam a ƙasa. Gilashin gindin shi ne zai kwanta kai tsaye a kan teburi. Irinsa ne a falona, tsawonsa santimita 120, faɗi 40, tsayi 50. Wannan yana cin ruwa kusan lita 240, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Idan aka haɗa da nauyin gilashin kansa, da tsakuwa da duwatsun ado, abin ya doshi kilo 300. Duk wannan nauyi a kan falle ɗaya yake sauka.

Gilashi kuwa ba ya lanƙwasa ya bi abin da ke ƙarƙashinsa kamar yadda katako ke yi. In akwai ƙwayar tsakuwa guda da ta maƙale, ko kan ƙusa da ya ɗan leƙo, ko ƙullutun walda da ba a goge ba, nauyin nan sai ya taru a wuri ɗaya tak. Daga nan tsagewa ke farawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba lallai ta bayyana ranar da aka zuba ruwa ba. Akwatin zai iya yin makonni lafiya lau, mai shi ya saki jiki, ya zuba kifaye, sannan wata rana ya tarar da falo ya zama tafki, kifayen suna ƙasa.

Aikin soso a nan aikin gammo ne. Gammo ba ya rage wa tulu nauyi, baza nauyin yake yi don kada ya danne wuri ɗaya. Saboda haka akwati marar firam, a wurina, dole ne a sa masa.

Amma ba kowane soso ba. Na ga masu yanko soson katifa suna shimfiɗawa, kuma ina roƙon a daina. Ya cika laushi, yana lotsewa fiye a gefen da duwatsu suka fi yawa, ga shi yana shan ruwa ya riƙe, har katakon ƙasa ya ruɓe ko ƙarfen ya yi tsatsa. Wanda ake so shi ne farin nan mai tauri, irin wanda ake tokare firji da talabijin da shi a cikin kwali, a samu shimfiɗaɗɗe mai kaurin kamar santimita 1, falle guda ba gutsattsari ba. Tabarmar roba ta motsa jiki ma tana yi. Kamfanin ADA na Japan, wanda ya yi suna da akwatuna marasa firam, yana sayar da irin tasa tabarmar musamman don wannan aiki.

Akwatunan da ake shigowa da su masu firam ɗin roba a ƙasa, su kuma hukuncinsu daban. A cikinsu gilashin gindin a ɗage yake, ba ya taɓa teburi, firam ɗin ne ke ɗaukar kaya. Idan ka sa soso mai kauri, firam zai nutse a ciki, tsakiyar soson kuma ya taso ya tokari gilashin daga ƙasa, wurin da ba a yi shi don a tokare shi ba. Kamfanin Juwel na Jamus ya ce kada a ƙara wata shimfiɗa a ƙarƙashin akwatunansa masu irin wannan firam. In naka haka yake, share teburin da kyau ka ɗora shi kawai.

Inda na fi so a saurare ni shi ne nan: soso ba ya gyara karkataccen teburi. Mutane da dama suna sa shi ne don rufe aikin da bai yi daidai ba. In ƙafa ɗaya ta gaza sauran, ko saman teburin ya murɗe, akwatin ma murɗewa zai yi, silikon ɗin kusurwoyi ya yi ta jan wahala har ya saki, ko da ka jibga soso nawa. Teburin da mai walda ya yi da ƙarfen kwana, tsakiyarsa fayau take, don haka sai an ɗora masa filawud mai kaurin milimita 18 tukuna, sannan soso, sannan akwati. A ari lebur ɗin magina a gwada tsawo da faɗi. In daɓen ɗakin ne bai daidaita ba, a ƙarƙashin ƙafar teburi ake cusa ɗan ƙarfe ko roba mai tauri. Kwali ba ya yi, da ya jiƙe zai lotse.

Ni nakan zuba ruwa kaɗan, kamar santimita 3, in auna zurfinsa a kusurwoyi huɗu kafin in ci gaba da cikawa. In sun bambanta, sai in kwashe in koma kan ƙafafun.

Wanda kuma ya riga ya cika nasa babu soso, don Allah kada ya yi ƙoƙarin ɗaga gefe ya cusa. A kwashe kifayen a bokiti da ruwansu na ciki, a zuƙe sauran ruwan da tiyo, a fitar da duwatsu da tsakuwa, sannan mutum biyu su ɗauke akwatin a tare, kowa ya tallabo gindinsa.