Wasiƙa daga Hamburg zuwa ga masu motar Baljiyam

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, yayyena da ƙannena na gida, musamman waɗanda Allah ya hore wa abin hawa, ko na kansu ne ko na haya, ina gaishe ku da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku baki ɗaya.

Dalilin wannan wasiƙa wani abu ne da ya same ni a watan jiya. A nan Jamus doka ta wajabta a kai kowace ƙaramar mota wurin bincike duk bayan shekara biyu, sabuwa fil kuwa sai ta cika shekara uku ake fara kai ta. Mutanen ƙasar nan suna ce wa wannan bincike TÜV, da sunan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da aka ba izinin yin sa, kuma wanda motarsa ta tsallake akan manna masa wata 'yar alama zagayayya a lambar baya, launinta yana nuna shekarar da zai dawo, lambar da ta kalli sama tana nuna watan. Na kai tawa ina taƙama, domin murɗa makulli ɗaya take tashi, ba ta hayaƙi, ba ta taɓa barina a hanya ba. Injiniyan ya hau da ita kan wasu gangunan ƙarfe masu juyawa da aka binne a ƙasa, ya taka birki, muka zuba wa allo ido tare, sai ga shi ƙafar baya ta hagu tana kamawa sosai, ta dama kuwa da ƙyar. Doka ba ta yarda bambancin ƙafafun biyu ya wuce kashi 25 cikin ɗari ba, nawa kuwa ya wuce. Daga nan ya turo wani akwati mai gilashi gaban fitilu, ya nuna mini cewa ta dama sama take kallo. Ya miƙo mini takarda ba tare da ɗaga murya ba, ya ce ina da wata ɗaya in gyara in dawo.

A kan hanyar komawa gida na bi bayan wata babbar mota da aka jera wa ƙananan motoci hawa biyu, ta nufi tashar jiragen ruwa, sai na tuna cewa ire-irensu ne ake saukewa a Kwatano da Lome da Legas, su ne kuma muke kira Baljiyam ko 'yan Kwatano idan sun iso Kano, Kaduna ko Maraɗi. Akwai masu kyau ƙwarai a cikinsu, ba na musun haka. Amma da yawa motoci ne da masu su suka karɓi irin takardar da na karɓa, suka yi lissafi suka ga aikin awa ɗaya na bakanike a nan yakan haura Yuro 100, suka ga gyaran ya fi ƙarfin darajar motar, suka sallama wa dillalin fitarwa waje. Mu kuma idan mun je saye, inji muke saurara, mu gwada giya da na'urar sanyi, mu shafa fenti ko an taɓa buge ta. Ban taɓa ganin mai saye ya kwanta a ƙarƙashi yana duba bututun birki ba, ni ma ban yi ba lokacin da na raka yayana ya sayi tasa.

Ga dalilin da ya sa ya kamata a kwanta ɗin. Duk lokacin hunturu ana watsa gishiri a kan titunan ƙasashen nan don kada ruwa ya daskare ya zama ƙanƙara, wannan ruwan gishiri kuwa yana fantsama ƙarƙashin mota shekara da shekaru yana cin ƙarfe. Siraran bututun da ke kai man birki zuwa ƙafafu huɗu suna cikin abin da yake fara ci, kuma bututun da ya yi tsatsa ba ya yin gargaɗi, yana nan lafiya har ranar da kuka taka birki da iya ƙarfinku don kauce wa yaro ko akuya, ranar ce zai fashe. Saboda haka wanda ya sayi Baljiyam, tun kafin ya kai ta a sa mata baƙin gilashi, ya kai ta kan rami a bi bututun nan da tocila daga gaba zuwa baya, a kuma lanƙwasa na robar da ke kusa da taya a ga ko sun tsattsage ko sun kumbura.

Man birki shi ne abin da na ga an fi raina wa hankali a gida. Mun ɗauka muddin yana cikin 'yar robarsa to shi ke nan, in ya ragu a ƙara. Alhali mai ne mai shan danshin iska a hankali, kuma gwargwadon ruwan da ya sha gwargwadon saurin tafasarsa. Irin wanda aka rubuta wa DOT 4, wanda yawancin motocin Turai ke amfani da shi, idan sabo ne ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya tsufa ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. Duk direban da ya taɓa gangarowa Hawan Kibo da lodi, ƙafarsa a kan birki tun daga sama, ya san ƙaurin da ke tashi daga taya. Wannan zafi idan ya tafasa man sai ya zama tururi, tururi kuwa matsewa yake yi, sai a taka birki ya tafi har ƙasa kamar an taka soso, daga baya a ce birki ya tsinke. Shi ya sa yawancin kamfanonin mota suka ce a zubar da shi gaba ɗaya a sa sabo duk shekara biyu, ko da motar ajiye take. A gangara kuma a sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar, ko atomatik ce tana da wurin yin haka.

Idan kun ga man yana raguwa, ɗayan biyu ne: ko dai abin da kanikawa ke kira fad, wato wanda ke matse faifan birki idan an taka, ya cinye, ko kuma akwai inda yake yoyo, kuma ƙara mai ba ya maganin ko ɗaya. Sabon fad kaurinsa yakan kai milimita 10 zuwa 12, idan ya sauko wajen 3 a canza, a kuma canza na hagu da na dama tare. Wasu suna da ɗan harshen ƙarfe da aka sa da gangan don ya riƙa ƙara idan sun kusa ƙarewa, wanda ya ji wannan kuka ya ƙara wa rediyo murya, nan gaba kaɗan ƙarfe zai ci ƙarfe, ya sayi faifan birki a kan kuɗin da ya ninka na fad. Abubuwa biyu kuma ina roƙon ku da girman Allah ku ƙi yarda da su, domin na gan su da idona a tashar mota ina yaro: ɗura ruwan sabulu a madadin man birki, da toshe bututun ƙafar da ke yoyo a ce a lallaɓa da ƙafa uku. Motar da aka yi wa haka idan aka taka birki da gudu gefe guda take fizga, gefen kuwa yana iya zama hannun masu tahowa.

A makarantar koyon tuƙi ta nan akwai wani lissafi da ake sa kowa ya haddace. Mai gudun kilomita 50 a awa yana buƙatar kimanin mita 40 kafin ya tsaya cak, tun daga lokacin da idonsa ya ga abu. Mai gudun 100 kuwa mita 130 yake buƙata, 30 kafin ƙafarsa ta kai kan birki, 100 kuma motar na ja. Gudu ya ninka sau biyu, nisan jan birki ya ninka sau huɗu, daga mita 25 zuwa 100, wannan fa da lafiyayyen birki ne a busasshen titi. Ku riƙe wannan adadi, zan dawo kansa idan na zo maganar fitila.

Batir ba zan daɗe a kansa ba, domin shi idan ya mutu kunya yake ba mutum, ba kasafai yake kashe shi ba. A nan ƙungiyar ADAC, wadda ke kai wa direbobi ɗauki a hanya, kowace shekara batir ne ke kan gaba a dalilan kiranta, sama da kashi 40 cikin ɗari. Su sanyi ne ke tona asirin batirinsu, mu kuwa zafi ne ke cinye namu, domin yana ƙafar da ruwan ciki yana kuma saurin lalata farantan dalma. Ƙari a kan haka, batirin da ya zo a cikin Baljiyam ya yi watanni a fili da cikin jirgi ba caji, irinsa ko ya tashi yau ba abin dogaro ba ne. Duk mai rewaya yana da mita, ku ce ya auna muku a gabanku: mota a kashe ta huta, cikakken batir yana nuna bolt 12.6, idan 12.2 ne ya sauko wajen rabi. Inji na aiki kuma ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4, in bai kai ba laifin na oltaneta ne ko bel ɗinta, sabon batir ma kwana kaɗan zai yi. Kada ku bari a gwada caji ta hanyar zare kan batir inji na aiki. Dabarar zamanin tsofaffin Fijo ce, motar yanzu kuwa tana da kwamfuta a ciki, wuta tana yin tsalle sau ɗaya ta ƙone ta.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Farin garin da ke taruwa a kan batir a wanke shi da ruwan zafi da buroshi, a ɗaure kan tamau ba da dukan dutse ba. Idan mai murfi ne ruwan ya yi ƙasa, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba na rijiya ba. Wajen cirewa a fara da baƙar waya mai alamar ragi, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe, kuma a nisanta taba da ashana, domin batir mai caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta.

Yanzu ga fitila, wadda ita ce ta fi ci mini rai, saboda laifinta a kan wasu yake faɗawa. Tun 1956 ake yin gwajin fitilu kyauta a garejin Jamus kowane watan Oktoba, kafin dogayen dararen hunturu su shigo. Abin da suke aunawa kuna iya auna shi a ƙofar gida. Ku samu fili mai daidai da bango, ku tsayar da mota mita 10 daga bangon bayan magariba, ku auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ku ja layi da gawayi a bangon daidai wannan tsayi, sannan ku kunna dim. Iyakar hasken ya kamata ta sauka ƙasa da layin da kimanin santimita 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari, kuma sau da yawa za ku ga an rubuta adadin a jikin gidan fitilar idan kun buɗe bonet. Hasken da ya haura layin cikin idon mai tahowa yake shiga. Tawa haka take, wata nawa ina makantar da bayin Allah ban sani ba, har ina jin haushin masu ƙyafta mini fitila.

Akwai kuma wani ɗan maɓalli mai juyawa kusa da sitiyari, an rubuta masa 0, 1, 2, 3, wanda doka ta wajabta irinsa a sababbin motocin nan tun 1990. Na tambayi direbobi uku a gida aikinsa, babu wanda ya sani. Idan kun loda but da buhunan shinkafa za ku ƙauye hutun Sallah, mutum huɗu a kujerar baya, gindin mota yana sauka hancinta ya ɗaga, fitila ta koma kallon rassan bishiya. Maɓallin nan shi ke sunkuyar da ita, sifili na mota ba kaya, manyan lambobin na lodi. Waɗanda kuma suka sayi motar Ingila ko ta Japan aka juya mata sitiyari, su sani cewa fitilunta an ƙera su ne don masu bin hannun hagu, alhali Najeriya ta koma hannun dama tun 1972, don haka ɓangaren hasken da aka ɗaga don ya haska gefen titi yanzu fuskar masu tahowa yake haskawa, kuma saiti ba ya gyara wannan sai an canza gidan fitilar.

Dim mai lafiya ba ya haska fiye da 'yan gomomin mitoci a gabanku. Ku haɗa wannan da mita 130 ɗin nan na ɗazu, za ku ga cewa mai gudun 100 da dim a daren da ba farin wata, a hanyar da tirela ke iya lalacewa a bar ta da ganye kawai a bayanta, ba zai iya tsayawa a cikin abin da idonsa ke gani ba. Idan gilashin fitilar ya yi jawur saboda rana, ga ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, nisan ya ƙara raguwa. Maganin da matasa suka samo, wato cusa farin ƙwai mai tsananin haske a gidan da aka yi don ƙwan halojin mai wat 55, watsa hasken yake yi ko'ina, shi direban ya ga kamar ya samu rana, na gabansa kuwa ya rufe ido ya saki hanya. Gara a goge gilashin da man gogewa, a sa ƙwai irin wanda kamfani ya rubuta, a canza biyun tare, kuma kada a taɓa gilashin ƙwan da yatsa domin maiƙon hannu yana rage masa kwana. Mota mai ido ɗaya kuwa kowa ya san abin da ake zaton ta da dare, babur, har sai an zo gab da ita. Fitilar birki ta baya ba ta buƙatar komai sai yaro ɗaya ya tsaya a baya ku taka ya ce ta kama.

Na koma wurin binciken kwana goma sha tara bayan faɗuwata, da sabon kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad yana matse shi, a ƙafar dama ta baya, da sabon man birki, da fitilar da aka saita cikin minti biyar da sukudireba. Injiniyan ya sake hawa gangunan nan, allurai biyu suka tashi kafaɗa da kafaɗa, ya durƙusa ya manna alamar da babban yatsansa. A daren na kira yayana na ce gobe ya kai tasa kan rami, ya ce ai lafiyarta ƙalau, murɗawa ɗaya take tashi. Na ce masa kuɗin ramin da na man birkin suna wuyana, ya turo mini hoton bututun.

Wassalam. Naku ɗan'uwa, daga Hamburg.