Dare Uku a Majalisin Malamin Ƙanena

Tun watan Rajab Inna take cewa an mallake mata ɗa. Auta, wanda a da ba ya kwana bai leƙa ɗakinta ya ci tuwon da ta rage masa ba, ya koma sai ya yi sati biyu ba mu gan shi a gidanmu na Ƙofar Marusa a Katsina ba. In ya zo ma a zaure yake tsayawa. Ya daina cin abincin gida, wai a majalisin malaminsa an hana su cin girkin "gafalallu". Kalmar nan ta ci min rai matuƙa, don matar da ake nufi ita ce ta riƙa tashinsa sallar asuba tun yana shekara bakwai.

Kawu, wanda ɗan Izala ne, ya ce dama ƙarshen duk wani wuridin ɓoye ke nan. Goggo ta ce a ƙyale yaro, Allah yake nema, ya fi a ce shaye-shaye ya faɗa. Na kasa bin ko ɗaya daga cikinsu. Baba, Allah ya jiƙansa, Batijjane ne. Da lazimi safe da yamma na tashi, da wazifa a kewayen farin ƙyalle, da zikirin Juma'a bayan la'asar. Akwai sirrukan da shehinsa ya ba shi waɗanda har ya koma ga Allah bai faɗa mana ba. Duk da haka kullum yana rumfarsa a kasuwa, yana zumunci, maƙwabcinsa ɗan Izala ne kuma tare suke cin abincin dare. Garin Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani ya daɗe da sanin ilimin baɗini. Don haka sirri kaɗai bai tsorata ni ba. Na roƙi Auta ya kai ni in gani da idona.

Gida ne a bayan gari, ta hanyar Jibiya. Daren farko ya burge ni, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙasidu masu ratsa jiki, shayi yana zagayawa, kowa na kiran kowa ɗan'uwa. Yawancinsu samari ne irin Auta, sun gama difloma ko digiri babu aiki, wasu kuma 'yan bindiga ne suka taso su daga ƙauyukan Batsari da Safana. Malam ya san sunan kowa, ya san damuwar kowa. Yaron da ya rasa uba, ya yi shekara uku yana yawo da takardu, in ya sami inda ake kallonsa da daraja, dole zuciyarsa ta zauna.

A dare na biyu, bayan sha biyu, aka fara abin da suke kira wankin zuciya. Kowa zai miƙe ya faɗi waswasin da ya zo masa game da Malam a wannan makon, da laifin da ya yi a ɓoye, hadimi yana rubutawa a littafi. Wani ya ce yana kewar matarsa da 'yarsa. Aka ce masa su ne hijabin da ke tsakaninsa da Allah, ya yi ta kuka yana neman gafara. Ina zaune ina tunanin littafin nan: duk wanda sirrinsa ke ciki, da wane ƙarfin hali zai ce ya tafi? Sai ƙarfe uku aka kwanta, aka tashi da asuba, hantsi na yi aka wuce gonar Malam. Haka suke yi kullum. Wanda bai ƙoshi da barci ba, ba ya iya auna magana, duk abin da aka zuba masa zai ɗauka.

Dare na uku na yi tambaya. Na ce, "Allah gafarta Malam, mutum ya zo wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana neman izinin fita jihadi, ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya ce masa ya koma ya yi jihadinsa a kansu. Yaya za mu haɗa wannan da hana almajiri cin abincin mahaifiyarsa?" Ɗakin ya yi tsit. Malam ya yi murmushi ya ce almajiri a hannun shehi kamar gawa ce a hannun mai wanka, ya ci gaba da karatunsa. Na san maganar, Baba ma yana faɗinta. Amma shehin Baba, in ya ga ya daɗe a zawiya, korarsa yake ya je ya gaida tsohuwarsa. Daga baya na ji an hana kowa yi wa Auta magana kwana uku saboda ya kawo mai inkari. Ni na yi tambayar, shi aka hukunta.

Wani Ba'amurke, Steven Hassan, wanda ya taɓa zama cikin ƙungiyar addini ta Sun Myung Moon, wani mai wa'azi ɗan Koriya, a shekarun 1970 kafin ya fita, ya ce a duba abu huɗu: wa ke juya ayyukan mutum na yau da kullum, wa ke tace labarin da ke isa kunnensa, wa ke yanke masa abin da zai yi tunani, wa ke riƙe da tsoronsa da jin laifinsa. Da na auna, duk huɗun na gan su a gidan nan. Mu ma muna da namu tarihin. Muhammadu Marwa Maitatsine ya haramta wa almajiransa rediyo da agogo da keke, ya killace su a 'Yan Awaki, kafin rikicin Disambar 1980 da ya ci rayuka sama da dubu huɗu a Kano. Ban ga makami a gidan Malam ba, ban ji an yi maganar faɗa ba, kuma zalunci ne in jingina masa wannan. Abin da na gani shi ne raba mutum da duk wata murya sai guda ɗaya. A Oktoban 2019 'yan sanda sun fito da mutane ɗaure da mari daga wata makarantar gyaran hali a Daura, kowa ya yi Allah wadai don ana ganin ƙarfen. A nan ƙofa a buɗe take dare da rana, amma an gaya musu duk wanda ya fita zai haukace kafin kwana arba'in.

Ga kuma kuɗi. Baba yakan kai hadiyya, mudun gero ko abin da ya sawwaƙa, ba wanda ke ƙirgawa. A nan an yanka wa kowa adadi, ana karanta sunan wanda ya gaza a gaban jama'a. Keke Napep ɗin da muka saya wa Auta da gadonsa, ya sayar ya miƙa.

Na nemo wani da ya bar su bara, yana gyaran waya a wajen Ƙofar Ƙaura. Lafiyarsa ƙalau. Ya ce wata uku ya yi ba ya barci yana jiran haukan, kuma har yau babu ɗaya cikin tsofaffin 'yan'uwansa da ke amsa masa sallama. Shi ya ba ni shawarar da na riƙe: kada mu zagi Malam a gaban Auta, don an riga an shirya shi cewa danginsa za su yi zagi, kuma kowane zagi tabbatar masa yake Malam ya faɗi gaskiya. Na durƙusa na roƙi Kawu ya daina kiransa mushriki. Na kai maganar kuɗin ga mai unguwa da limaminmu. Duk Alhamis ina kiransa, in ba shi labarin gida, ban ce ya dawo ba ko sau ɗaya.

Juma'ar da ta wuce ya shigo har ɗakin Inna. Bai ci tuwo ba, amma ya sha kunun tsamiyar da ta dama. Da zan raka shi, a bakin zaure ya rage murya ya ce, "Yaya, mai gyaran wayar nan, da gaske lafiyarsa lau?" Na kwatanta masa shagon.