Ƙanena da goskolo

A Jos kowa ya san goskolo, wannan barasa mai arha da ke cinye hantar samarinmu. Ƙanena ya haɗa ta da tramol. Da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, mamanmu ta yi murna, amma abokansa sai suka koma kan ƙwaya.

Abin da nake gode wa faston ikilisiyarmu a kai shi ne bai tsaya ga ɗora masa hannu kawai ba. Ya yi addu'a, sannan ya ce mini: "'Yata, gobe mu kai shi asibiti." Gaskiyarsa. Wanda jikinsa ya saba da giya, in ya bari farat ɗaya, jijjiga na iya kama shi har ta kai ga rasa rai.

Bayan an sallame shi ne aikin ya fara. 'Yan zumuntar maza suka raba kwanaki, kullum da yamma, lokacin da ya saba fita, wani zai zo su karanta Littafi Mai Tsarki. Wani dattijo ya ɗauke shi koyon walda. Masu zunɗe a majami'a ba su daina ba, kuma abin yana min ciwo. Ranar Lahadi dai yana zuwa, yana zama kusa da mama.