Amfanin mutum-mutumi wajen zana taswirar motsi a ƙwaƙwalwa

A shekarar 1937 Wilder Penfield da Edwin Boldrey, likitoci a Montreal ta Kanada, suka fitar da taswirar da ke nuna yankin ƙwaƙwalwar da ke motsa kowace gaɓa, amma ba su kai ga haka ba sai da aka buɗe ƙoƙon kan marasa lafiya aka taɓa ƙwaƙwalwarsu da lantarki suna farke. Sai a 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila suka nuna cewa ana iya zaburar da wannan yanki daga waje da ƙarfin maganaɗisu, ba tare da an tsaga fata ba.

Ana ɗora naɗaɗɗiyar waya mai siffar lamba 8 a kan mutum, a saki lantarki a cikinta ya haifar da ƙarfin maganaɗisun, sai a ji ƙara ƙas, bayan kamar kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa babban yatsa ya zabura, wayoyin da aka manna a tsokar hannu su auna ƙarfin amsar. Daga nan a matsa gaba kaɗan a maimaita, wuri bayan wuri, har taswira ta fito.

Matsalar tana hannun mai riƙewa. Na'urar tana da nauyi, aikin yana ɗaukar lokaci, kuma gocewar 'yan milimita ko ɗan karkacewa kan sauya amsar tsoka, ga shi wanda ake aunawa ba zai zauna kamar gunki ba, musamman yaro. A nan ne mutum-mutumi, irin wanda kamfanin Axilum Robotics na Strasbourg ta Faransa ya ƙera, yake da rana: yana riƙe wayar, yana aiki da hoton cikin ƙwaƙwalwar mutumin da aka ɗauka a asibiti (hoton MRI), kyamara tana bibiyar alamomin da aka ɗaura masa a goshi, in kai ya motsa hannun mutum-mutumin ya bi shi ya koma daidai inda yake.

A ganina, babban amfaninsa shi ne iya maimaita awo ɗaya sak bayan watanni. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki yana atisaye, aka ga yankin hannunsa ya faɗaɗa a taswira, dole a tabbatar ƙwaƙwalwar ce ta sauya, ba riƙon mai awo ba, domin a kan wannan ake gina shawarar ci gaba da jinya. Haka ma likitan da zai cire ƙari kusa da yankin motsi yana bukatar iyakar da zai amince da ita tun kafin tiyata.

Sai dai ko da na'urar ba ta goce ba, amsar tsoka tana bambanta daga bugu zuwa bugu, saboda gyangyaɗi ko ɗan ɗaure tsoka yana shafarta, shi ya sa ake maimaita bugu a kowane wuri a ɗauki matsakaici. Yankin ƙafa kuma yana can ƙasa tsakanin ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, inda ƙarfin maganaɗisun ke isa da rauni, don haka zana taswirarsa ya fi na hannu wuya.