Na bi sawun ƙibata ta katin awo

A wajenmu ƙiba da yabo take shigowa, shi ya sa mace ba ta farga da wuri. Amarya ta yi 'yan watanni a ɗaki, kumatu su fito, a ce hutu ya karɓe ta, ango ya iya kiwo. Ta haihu, a ce jego ya yi kyau. Babu mai cewa uffan sai gwiwa ta fara ciwo wajen tasowa daga sujada. Da kilo 58 aka kai ni gidan miji. Bayan haihuwa biyar, na ɗan haura shekara arba'in, sikelin asibiti ya nuna 82, jinina kuma ya fara hawa.

Likitar da ta duba ni ta yi lissafin a gabana. Tsawona mita 1.60, ta ninka shi da kansa, ta raba nauyina da abin da ya fito, aka samu 32. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma an shiga ƙibar da ake ɗauka a matsayin cuta. Ta sa tef irin na tela ta auna tsakiyar cikina, ta ce idan na mace ya haura santimita 88 haɗarin ciwon suga da hawan jini ya yi yawa, nawa kuwa ya haura. Na zaci za ta miƙo mini jerin abincin da zan daina ci. Sai ta ce, "Hajiya, ki je ki gano mini lokacin da kowane kilo ya shigo."

Katunan awon ciki suna nan a ƙasan akwati, kowanne da nauyina na zuwan farko. Da na jera su sai abin ya fito fili: kowane ciki na fara shi da nauyin da ya fi na wanda ya gabace shi da kilo uku ko huɗu. Ban taɓa komawa inda na taso ba kafin wani cikin ya shiga, musamman tsakanin na biyu da na uku da aka yi kusa da kusa. Ƙwararru sun ƙayyade cewa mai matsakaicin jiki ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a tsawon ciki, mai ƙiba kuma 5 zuwa 9 kawai. Mu kuwa abin da ake gaya mana shi ne mai ciki tana ci ne na mutum biyu. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna matar Arewa maso Yamma na haihuwar 'ya'ya fiye da shida a matsakaici. Ki lissafa kilo uku sau shida ki gani.

Sai jego. Ba ni da abin faɗa a kan kulawar da iyayenmu ke yi mana, Allah ya saka musu, amma kwana arba'in ne na zama wuri ɗaya, ga kunun kanwa da suga, ga gasasshen nama, ga farfesu, ga tuwo da man shanu safe da dare, Gwaggo tana tsaye a kanki sai kin shanye. Ƙarin da mai shayarwa take buƙata bai wuce kalori 500 a rana ba, wato ɗan madaidaicin kwano ɗaya. Abin da ya fi cutarwa ma shi ne cikin ya saba da wannan yawan abincin, a yi arba'in, a yaye yaro, hannu bai rage ba.

Katin ya kuma nuna wani tsalle a shekarun da nake yin allurar tazarar haihuwa ta wata uku. Likitar ta ce wasu matan tana ƙara musu nauyi, wasu ba ta taɓa su, kuma hakan bai isa a bar tazara ba, tunda haihuwa a jere ta fi tara kitse. Hanyar kawai muka sauya. Ta kuma sa na yi gwajin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, ta tambaye ni ko al'adata na tsallake ko gashi na fito mini a haɓa, alamun matsalar ƙwan mace da ake kira PCOS. Duka babu, amma da akwai, rage tuwo kaɗai ba zai wadatar ba.

A nan dole in ambaci sha-ka-fashe, maganin ƙara ƙiba, domin na ga 'yan mata suna sayensa a kemis gab da biki. Yawanci dexamethasone ne ko cyproheptadine. Na farkon yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki, ya tayar da suga da jini, ya ci ƙashi. Yarinyar da ta shiga aure da wannan, kafin haihuwar fari ta riga ta ɗauki kayan da za ta daɗe ba ta sauke ba.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne barci. Wani bincike a Amurka da aka fitar a 2006 ya bi mata ma'aikatan jinya fiye da 68,000 na tsawon shekara 16, ya gano masu barcin awa biyar ko ƙasa da haka sun fi masu awa bakwai yiwuwar ƙara kilo 15 da kashi 32 cikin ɗari. Rashin barci yana tayar da yunwa da kwaɗayin zaƙi. Uwa mai goyo da ke kwanciya sha biyu ta tashi kafin asuba ta san wannan yunwar ta hantsi.

Aikin jiki kuwa ya tafi da zamani. Kakata ta yi daka, ta yi surfe, ta ja guga. Ni inji ke niƙa, famfo na tsakar gida, adaidaita sahu na ƙofar gida.

Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook ban kula shi ba, galibinsa gudawa yake sawa, ruwa ya fita kitse na nan. Daga abin sha na fara. Lemon kwalba mai santilita 50 yana ɗauke da suga kimanin giram 50, daidai da iyakar da aka shawarci babba na yini guda. Na bar shi, zoɓo da kunun aya kuma na koma haɗa su da kaina. Mai na daina tuttulawa daga galan, da cokali nake auna shi, tunda babban cokali ɗaya kalori 120 ne. Tuwo malmala ɗaya, miya mai yawa, kwaɗon zogale ko rama a gefe, wake da alala sun maye gurbin burodin safe. Tukunya ɗaya nake yi wa gidan duka, domin girki biyu ba ya ɗorewa, kuma 'ya'yana mata sun gaji irin jikin danginmu. Ni da maƙwabciyata muna zaga unguwa bayan sallar asuba, muna neman cika minti 150 a mako. Waya kuma ba ta bi na gado.

Kilo shida suka sauka a hankali, jinin ya daidaita. Likitar ta ce rage kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na nauyi ya isa a ga canji, kada in sa wa raina komawa 58. Yana ɗan dawowa lokacin azumi da watannin bukukuwa, ƙosai da alkaki ba sa wasa, don haka nake auna ƙugu duk ƙarshen wata. Yanzu ɗaukewar al'ada ce a gabana, wadda ke zuwa tsakanin shekara 45 da 55, lokacin da tsoka ke raguwa kitse ya koma ciki ko abincin da mace ke ci bai ƙaru ba. Saboda ita likitar ta ƙara mini ɗaga abu mai nauyi sau biyu a mako, ni kuma jarkokin ruwa biyu nake yi da su a tsakar gida.