Godiya kan rasuwar Gwaggonmu a Argungu

Assalamu alaikum. A madadin gidanmu da ke Argungu, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana a rashin Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda Allah ya karɓi abarsa daren Talata bayan jinyar kwana 12 a Birnin Kebbi. Hawan jini ne ya kayar da ita, ɓarin jiki ya shanye, magana ta ɗauke. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A baki Gwaggo muke kiranta, amma ni uwa ce a wurina. Ina shekara 6 mahaifiyata ta rasu, ita ta ɗauke ni zuwa ɗakinta. Sunan mahaifinta aka sa min, don haka ba ta taɓa faɗin sunana ba, sai dai "Babana". Da turara shinkafa ta riƙe mu. Tun kafin kiran assalatu za ka ji ta tana hura wuta ƙarƙashin tukunya, hantsi ya yi ta baza shinkafar a tsakar gida, ta miƙo min kara ta ce in kori kaji. Kuɗin littafina da takalmin makaranta duk daga bakin zanenta suka fito. Jiya na shiga ɗakinta, carbinta na rataye a ƙusa inda ta bar shi, tiyar awonta mai lotsattsen baki na kife kan buhu. Ban iya taɓa komai ba, na fito.

Godiya ta farko ga matan da suka yi ta karɓa-karɓa wajen kwana da ita a asibiti, suna juya ta, suna ɗiga mata kunu da cokali. Haka ma'aikatan jinya da ba su gaji da tambayoyinmu ba. Mun gode wa iyayenmu mata da suka yi mata wanka da sutura, da liman da jama'ar da suka sallace ta, da samarin unguwa da suka fita haƙar kabari tun da sassafe suka ƙi karɓar ko sisi. Maƙwabta kuwa kwana 3 ba su bari mun ɗora tukunya ba.

'Yan uwa sun zo daga Jega, Aliero da Gusau, dangin Gaya ta Nijar ma sun ƙetaro ta Kamba. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yi min afuwa, lokacin ba na cikin hayyacina.

Akwai wata dattijuwa da ba mu sani ba, ta zo ranar uku ta zauna bakin ƙofa tana kuka. Ta ce tun da mijinta ya rasu, duk Juma'a Gwaggo kan aika mata tiya guda, ta kuma hana ta faɗa wa kowa. Gida ɗaya muke kwana da Gwaggo, wallahi ban taɓa sani ba. Inna, mun gode da kika faɗa mana, kuma in sha Allah tiyarki ba za ta yanke ba.

Duk wanda ke bin Gwaggo bashi, ko na shinkafa ko na adashi, don Allah ya same ni a gida bayan la'asar mu sauke mata. Wanda ta ɓata wa ya yafe mata. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya bar zumunci.